Tsugunon Mai Tayil

…bakwai. Takwas. A'a, wannan ba ta shiga ba, diddige ya ɗaga. A sake. Wai sai diddige ya zauna daram a ƙasa, haka ta ce, likitar nan ta ɗakin gashin ƙashi, yarinyar da ko sa'ar 'yarsa ta biyu ba ta kai ba — "Baba, diddige a ƙasa, ƙirji a sama, ka tura mazaunai baya kamar za ka zauna a kujera." Ka ji fa. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya a tsugune yana shimfiɗa wa jama'a tayil a ɗakunansu, yau shi ake koya wa tsuguno, har da tafi in ya yi daidai. Ikon Allah. To, takwas ɗin dai. Tara… gwiwar hagu ta ce ƙas, 'yar ƙara ce, ba ciwo ba ne wannan, iska ce kawai. Goma.

Goma. Shi ke nan wai. Goma sau uku a rana, sai ka ce shan magani.

Sha ɗaya. Sha biyu.

Ɗakin babu kowa sai shi. Saman bene, ɗaki na ƙarshe a hannun dama, taga ba a sa mata gilashi ba tukuna, bango an yi masa fenti jiya-jiyan nan, fari tas, har yanzu warinsa na hawa kai. Ƙasa kuwa siminti ne zalla, tana jiran tayil. Ya riga kowa zuwa. Maigadi da kofin shayi a hannu ya buɗe masa ƙofa yana ta sannu, sannu, ya jiki, ya ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Wata biyar ke nan yana shan sannu safe da yamma, ta ishe shi, wallahi ta fita masa a rai. Ƙanensa da ɗan kwangila sun tafi ɗauko ragowar kwalaye, ba za su iso ba sai wajen sha ɗaya. Yanzu bakwai da 'yan mintoci. Awa uku da wani abu, ɗaki ɗaya, ƙarami. A da, kafin shayi ya huce — to, ban da cika baki, kafin azahar dai ya gama biyu irinsa.

Sha bakwai. Ko sha takwas ne?

"Yaya, ka zo dai ka duba mana. Idonka kawai muke so." Haka ya ce a waya shekaranjiya, ƙanen nasa, da wata murya mai laushi irin wadda ake yi wa majinyaci. Ido kawai. Ga kujera can a baranda, farar roba, sabuwa fil, ko ledar ƙafafunta ba a cire ba. An saya masa kujera! Wa ya ce yana so? Ya wuce ta ɗazu bai ko kalle ta ba… ƙarya ne, ya kalle ta, har ya lura an ajiye ta daidai inda inuwa take. An yi tunani a kanta ke nan. An zauna an yi shawara ba ya nan, an ce ina za mu ajiye Yaya inda rana ba za ta dame shi ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, kirkin da ke cikin abin.

Shi kuwa ɗan kwangila ba ya rufa-rufa, wannan a yaba masa. Gini na gaba hawa uku ne, ɗakuna ba iyaka, kuma ya faɗa a gaban kowa: sai ya ga mai tayil a ƙasa da idonsa kafin ya san wa zai damƙa wa aikin. In ya gani, komai na nan yadda yake, babba a gaba, ƙarami a baya. In bai gani ba… ƙarami ya wuce gaba, shi kuma a riƙa kiransa duba aiki ranar da aka tuna da shi. Yau ce ranar ganin. Ba gobe ba, ba sai ƙafa ta ƙara ƙwari ba. Yau.

Ashirin da biyar. Cinyar dama ta ɗau zafi, madalla, haka ake so. Ta hagu shiru. Kullum shiru take.

Matakala ce fa ta ja masa wannan. Ba ma wata doguwa ba, taki takwas. Kwali biyu a kafaɗa — ɗaya ake ɗauka, ya sani, shi ne ma mai hana mutane ɗaukar biyu — wani ya zubar da ruwan kwaɓi a na biyar, ƙafa ta yi gabas, jiki ya yi yamma, sai ɗas. Da kunnensa ya fara jin ta kafin ya ji ta a jiki. Abin haushi, tayil ko ɗaya bai fashe ba, yana kwance a ƙasa yana tambaya ko sun fashe. Jijiyar gwiwar hagu ta tsinke, in ji su. Tiyata. Sati shida a kan gado yana kallon silin, uwar yaransa na kawo bokiti tana fitarwa, tana kau da kai don kada ya ji kunya, shi kuma kau da kan nata ne ke kashe shi da kunya. Ranar da aka kwance ƙafar ya dube ta bai gane ta ba. Cinya ta zube, fata na reto. Wannan tasa ce? Wa ya musanya masa?

Sai aka tura shi wurin yarinyar nan. Ɗaki mai madubi bango guda, da ƙwallaye manya-manya, da tsofaffi suna ɗaga ƙafa suna nishi. Ta ajiye kujera a bayansa. Ka sauka a hankali har mazaunai su taɓa ta, kada ka zauna, ka taso. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa. Gwiwa ta bi saitin yatsu, kada ta faɗa ciki. Ja numfashi in za ka sauka, sake shi in za ka taso. Kuma kada ka wuce tsayin kujera tukuna, Baba, ka ji ko? Tukuna. Ya ce ya ji. Ya ji mana, ai ba a kunne aka yi masa aiki ba.

Amma goma? Haba. A sana'arsu abin da aka yi goma ai ba a ma fara shi ba. In goma na gyara ƙafa a wata shida, hamsin fa? Ɗari fa? Ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san wannan. Sai ya koma banɗaki. Ya kulle ƙofa, ya saki famfo don ƙarar ruwa ta rufe nishinsa, sama ƙasa, sama ƙasa, kamar mai ba taya iska, hamsin da safe, hamsin da yamma, wani lokaci har sai ya ga duhu-duhu. Uwar yara ta ƙwanƙwasa — "Malam, wanka kake ko kokawa?" Ya fito gumi na tsiyaya, ya ce ruwan ne ya cika zafi. Ta dube shi. Shekara ashirin da takwas tana yi masa wannan kallon, sannan ta wuce ta ɗora masa ruwan gasa ƙafa.

Ranar da aka kawo sikeli biyu ne suka ɓata, shi da likitar. Ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafa. Sauka, Baba. Ya sauka tsaf, har yana jiran tafi. Ta duƙa ta karanta na dama, ta karanta na hagu, ta yi 'yar dariya, ba ta raini ba ce, amma dariya ai dariya ce. "Baba, ta dama ce ke yin aikin duka. Ta hagu rakiya take yi." Rakiya! Ya ce sikelin ne ya lalace. Ta ce ya dubi madubi. Ya duba… ga wani dattijo can a karkace, ƙugu ya gudu dama, kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya, wanda in da bango ne shi da bakinsa zai ce a rushe a sake. Shi da yake rufe ido ɗaya ya gane ƙasa ta karkace da kaurin farce, bai san jikinsa ya karkace ba. Ta ce a koma baya, a koma biyar, a hankali, a riƙa tsayawa a ƙasa ana ƙirga uku kafin a taso, a tilasta wa ta hagu ta karɓi rabonta. Biyar! Ita ba ta ma san da ɗarin banɗaki ba. Bai koma ba. Sau biyu suna kiransa a waya, ya ce ya yi tafiya.

Arba'in. Ya isa haka. Jiki ya ɗau ɗumi, ƙafa ta saki, ga shi tsaye garau, ba sanda, ba dafa bango. Wa ya ce rakiya?

Kwaɓi. Siminti, yashi, ruwa kaɗan-kaɗan, ba a yi masa gaggawa. Hannu bai manta ba, kai, hannu bai ma san an yi hutu ba. Zare daga wannan kusurwa zuwa waccan. Daga can ciki ake farawa, mutum ya ba ƙofa baya, ya riƙa ja da baya har ya fita. Sai dai yau akwai dabara, tun jiya yake saƙa ta. Ba sauka ce abin tsoro ba, tashi ne. To a rage tashin mana. A da yakan miƙe sau ashirin a ɗaki ɗaya, ɗauko wannan, ɗauko wancan, ko a jikinsa. Yau komai zai zo kusa. Tayil a jere a nan, bokitin kwaɓi a nan, cokalin gini, gudumar roba, ma'auni, soso. Sauka ɗaya, tashi ɗaya. Ɗan kwangila ya shigo ya tarar da ɗaki a shimfiɗe, shi kuma ya miƙe tsam a gabansa ya karkaɗe hannu, magana ta ƙare. Wa zai tambayi sau nawa ya tashi?

Bismillahi.

Ya wuce tsayin kujera… ya wuce… wani abu ya ja a bayan gwiwa kamar ɗinki zai ɓalle, ya dakata, ya ja numfashi, ya ƙarasa. Ƙasa. Ga shi a ƙasa, a kan yatsun ƙafa, mazaunai a kan diddige, yadda ya saba tun yana saurayi. Wayyo daɗi. Wata biyar rabon da ya ga ɗaki daga nan. Daga nan ne ake ganin inda ƙasa ta kumbura da inda ta lotsa, masu tsayuwa ba su san komai ba, tafiya kawai suke yi a kan wahalar wani. Mene ne wannan a idonsa? Ƙurar siminti ce. Ya share da kafaɗa.

Na farko. Shafa kwaɓi, baje shi, ɗora, danna, ƙwanƙwasa — tim, tim, tim. Cikakken sauti, ba rami a ƙarƙashi. Wanda iska ta maƙale a cikinsa ƙwas-ƙwas yake cewa, bayan shekara guda ya tsage ya tona maka asiri a gaban masu gida. Ma'auni: ƙwayar ruwan ta tsaya cak a tsakiya. Na biyu. Na uku. Ja da baya a tsugune, taki ɗaya, jawo bokiti, jawo tayil. Kai, aiki! Wa ya ce masa ya huta?

Babbar 'yarsa ce ta ce. "Baba, ka huta mana, ai ka yi naka." Ya yi nasa. Kamar wani abinci ne da ya cinye ake jira ya tashi a ɗauke kwano. Ya huta ya yi me? Ya bi sahun mutanen bakin titi, su tsohon direba da mai gyaran rediyo da ba a kawo wa rediyo kuma, a zauna a benci tun hantsi ana bin motoci da ido, ana gardama a kan wa ya fi wa ciwon baya? Tsohon direban har ya fara matsa masa wuri in ya gan shi tafe da sanda. "Ga wurinka nan, mai tayil." Wurinsa! Allah ya kiyaye. Shi wurinsa… tim, tim… wurinsa nan ne, wannan murabba'in da bai fi tsayin hannu ba.

Sha ɗaya. Sha biyu. Layi na tafiya ɗoɗar.

Na baranda ma ɗoɗar yake. Wannan ne bai so ya tuna ba. Ɗazu da ya hau, kafin ya shigo nan, ya bi aikin ƙanen nasa taki-taki, daga bakin matakala har ƙarshen baranda. Ya rufe ido ɗaya. Ya ƙwanƙwasa da ƙasan sandar tsintsiya, nan, da nan, da can kusurwar da kowa ke ha'inci a cikinta don ba mai dubawa. Laifi yake nema, me zai ɓoye, ko da guda ɗaya ne, ko tsagar da ta fi 'yar'uwarta faɗi, ya samu abin da zai ce "wannan fa?" Babu. Tim, tim, tim, har ƙarshe. Yankan bakin ƙofa ma… yankan ya fi nasa tsafta, in za a faɗi gaskiya, kuma wa zai faɗa in ba shi ba a nan shi kaɗai? Ya kamata ya ji daɗi. Shi ya koya masa, tun ranar da mahaifinsu ya rasu aka turo masa shi da hannaye lumus kamar na malamin ofis. Ya kamata ya ji daɗi, amma abin da ya ji wani ɗaci ne a rai, kuma har yanzu bai wuce ba. Wane irin wa ne wannan, mai baƙin cikin kyan aikin ƙanensa? Astagfirullah. Ba baƙin ciki ba ne. Tsoro ne. Wata biyar ba ya nan, kuma ko tayil ɗaya bai karkace ba don ba ya nan.

Ɗora. Danna. Kada ka yi tunani, ɗora kawai.

Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan layuka huɗu na farko, suna ƙyalli. Ƙarfe nawa? Wayar na aljihun riga, rigar na rataye a ƙofa. Oho. Ba ya son matsawa gefe, matsawa gefe na murɗa gwiwa, don haka daga inda yake ya miƙa hannu ya shimfiɗa dama, ya shimfiɗa hagu, iya inda hannu ya kai. Ga kwaɓi ya fara tauri a bokiti, in aka bar shi a dunƙule zai mutu a ciki; ya juya da ƙugu ya juye ragowar a bayansa, ya baje shi da faɗi, na tayil shida a lokaci guda kamar yadda yake yi a da, ya tura bokitin ya gangara can wajen ƙofa. Yauwa. Sai ɗorawa. Ya miƙa hannu inda tayil yake…

Siminti. Ƙasa ce hannunsa ya taɓa.

Sun ƙare? Ya ƙirga su fa. Ashirin da huɗu ya jera, ko… a'a, kwali uku ya buɗe, na huɗun yana can bakin ƙofa, ya ce zai jawo shi, sai tunanin baranda ya ɗauke masa hankali. To ba komai. Tashi ɗaya aka ƙara, shi ke nan. Ya ajiye cokali. Ja numfashi, saki in za ka taso.

Tashi.

…Tashi mana.

Babu abin da ya motsa. Kai ya ba da umarni, ƙirji ya yunƙura, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa kamar da bango yake magana. Ta hagu ta sage, ba ya jin yatsunta sam, tun yaushe? Ta dama — ta dama, 'yar halak, wadda ta ɗauke shi wata biyar ba ƙorafi — rawa take yi, kar-kar-kar, gwiwarta ta cika wando tam, da zafi kamar an zuba mata garwashi. Yaushe ta kumbura haka? Ba yau ba ne. Tun makon jiya yake ganinta a banɗaki yana ce wa kansa tsoka ce ta fito.

A sake. Ɗaya, biyu — ya ɗago kamar faɗin tafin hannu, wata wuta ta tsarga daga gwiwa zuwa ƙugu, ya koma daɓas a kan diddigensa. Gumi ya karyo.

Natsu. Natsu, kai ba yaro ba ne. Ɗari kake yi a rana. Ɗari, eh… sama ƙasa, sama ƙasa, bai taɓa tsayawa a ƙasan ba ko na ƙiftawar ido, da ya taɓa sai ya taso sama da gudun da ya sauka da shi. Wannan kuwa awa nawa? Biyu? Fiye? A tsaya a ƙasa a ƙirga uku, ta ce. Uku kacal ta roƙe shi, ya ga abin raini ne. Kuma a kan yatsu yake, diddige a sama, tsugunon sana'a, ba irin wanda ta koya masa ba. Wancan a kan diddige ake tasowa, cinya da mazaunai su yi turin. To a sauke diddigen. A hankali… a'a, a'a, jiki na tafiya baya, baya kuwa kwaɓi ne! Ya wawwaro iska da hannaye ya dawo kan yatsu da ƙyar.

Dafa wani abu. Me? Gaba tayil ɗanye. Dama tayil ɗanye, hagu tayil ɗanye, shi da hannunsa ya kewaye kansa. In ya dafa ɗaya da nauyinsa zai nutse, gefe ya yi ƙasa gefe ya yi sama, ya ja na kusa da shi, kuma ko makaho ya taka ya san an dafa. Bango ya yi nisa, ko da ya kai ma fenti ne ɗanye, yatsu biyar na siminti a kan farin bango. Bokiti ya tura shi da kansa. Ya durƙusa? A kan gwiwar da aka tsaga? Ko a kan katifa bai iya ba tukuna. Ya zauna kawai, ya saki jiki ya zauna a cikin kwaɓin, ya ja gindi har ƙofa… sannan ya tsaya a gaban ɗan kwangila da leburori da mazaunai shafe da siminti, ya ce musu me? Ya ce zamewa ya yi? Kafin la'asar labarin ya kai benci.

Ba ya tashi da hannu. Mai tayil ba ya tashi da hannu, shi ya kafa wannan dokar, ba a littafi ya gani ba. Satin ƙanen nasa na biyu a aiki, a wani falo mai faɗi, ƙafa ta gaji, ya dafa tayil zai miƙe — bai san sanda ya kai masa duka da bayan cokali a kan yatsu ba. Ƙau! A gaban mutane. "In ƙafarka ba za ta ɗaga ka ba, ka nemi wata sana'ar." Haka ya ce masa, da wannan bakin. Ya sa shi ya ɓamɓare layin gaba ɗaya ya sake. Kwana uku ba ya yi masa magana, yana cin abinci da hannun a kumbure, mahaifiyarsu na tambaya yana cewa ƙofa ce ta datse shi. Bai taɓa faɗa ba. Bai kuma sake dafawa ba, shekara ashirin da shida, ko sau ɗaya.

Ka nemi wata sana'ar. Wace?

Kwaɓin baya ya fara yin fata, yana jin warinsa ya sauya. Minti goma ya rage masa, in ya yi yawa. Ya Allah. Ba don ɗan kwangila ba, ba don hawa uku ba, sau ɗaya kawai, ka ɗaga ni sau ɗaya… Ke ta hagu, ke fa? Wata biyar ana lallashinki. Ba laifinta ba ne. Bai taɓa ba ta aikin ba, kullum in sun sauka sai ya zame mata ya jingina da 'yar'uwarta, don yana tsoron ya sake jin ɗas ɗin nan. Tsoronta yake ji. Ashe duk ɗarin nan gudunta yake yi.

Ƙarar mota. Ƙofar gida na buɗewa, maigadi na sannu da zuwa. Sha ɗaya ta yi? Tun yaushe? Muryar ɗan kwangila a ƙasa, yana waya, yana faɗa da wani a kan ƙarfe da ba a kawo ba. Sai taku a matakala, mai sauri, bibbiyu — wannan ya san shi, na ƙanensa ne, tun yana ƙarami haka yake hawa, an yi faɗan an gaji. Baranda. Ƙofar farko, ta biyu. Ya ɗauki ma'auni da sauri ya ɗora a kan tayil ɗin gabansa, ya sunkuyar da kai, ƙwayar ruwan na rawa.

Takun ya tsaya a bayansa.

Ba ya iya juyawa. Yana jin idon a ƙeyarsa, yana bin layukan, yana bin kwaɓin da ya sha iska, bokitin da ke kife, kwalin da ba a buɗe ba, rigar ciki da ta jiƙe sharkaf ta manne a baya. Mai sana'a ne, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Sai ƙarar ƙofa, an tura ta a hankali har ta rufe, sannan murya da ƙarfi, ta cikin taga, zuwa ƙasa: "Kada kowa ya shigo tukuna, Yaya na kan layi!" Sai aka jawo wani guntun katako aka ɗora a kan kwaɓin. Hannu ya zo ta gefen kafaɗarsa, a buɗe.

"Yaya, kama. Kafin ya hau."

"Awo nake dubawa."

"Na sani. Kama dai."

Na sani. Ba dariya a muryar, ba tausayi ma, da ma da tausayi da ya samu abin yin faɗa. In ya kama, ɗan kwangila zai tarar da shi a tsaye, hannu a ƙugu, ga rabin ɗaki na ƙyalli, ya ce madalla, ashe ƙarya ake yi wa mai tayil. Aiki ya zauna a hannunsa. Shi kuma wannan da ke bayansa, da zai wuce gaba yau in da ya bar ƙofar a buɗe kawai, ba sai ya ce komai ba, a buɗe kawai… ya rufe ta. Ya koma baya da kansa. Gobe kuma? Hawa uku, ɗaki bayan ɗaki, kowane ɗaki sai an rufe ƙofa, sai an ɗaga murya ta taga, sai hannun nan ya zo ta gefen kafaɗa, su biyu sun sani, ba mai cewa komai, har yaushe? Wannan ne riƙe aikin? In kuma bai kama ba…

Wayar ɗan kwangila a ƙasa ta ƙare. Taku mai nauyi ya fara hawowa, ɗai-ɗai, da tsayawa a huta.

Ya gaji. Wallahi ya gaji, ba ƙafa kaɗai ba. Hannun na nan daidai kunnensa, siminti a tsagar yatsu, bai matso ba, bai janye ba. Nasa hannun ya saki ma'aunin, ya ɗago kaɗan, ya tsaya a iska — ya sake cewa ƙafar hagu, a hankali wannan karon, kamar mai roƙo, tashi… tashi mana…

Takun ya iso baranda.